Ana ta maganar sayar da Intel: mu sayi kwamfutocin makarantarmu yanzu ko mu dakata?

Sakataren Kwamiti, Babura

Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta tara kuɗi za ta buɗe ɗakin kwamfuta a sakandaren gari: kwamfuta 20 da firinta ɗaya, domin yara su koyi bugu, su kuma saba da irin jarrabawar JAMB tun kafin su je cibiya su zauna gaban na'urar da ba su taɓa taɓawa ba. Da sola za a riƙa aiki, kimanin awa shida a rana. Kuɗin bai kai na sababbi ba, tokumbo muke nufi.

A zaman da ya wuce wani dattijo a kwamiti ya kawo maganar cewa kamfanin Intel, mai ƙera furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta), ya shiga matsala, gwamnatin Amurka ta sayi wani ɓangare nasa, wasu kamfanoni kuma suna zawarcinsa. Sai ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce a koma AMD, abokin hamayyar Intel, wasu suka ce a jira a ga inda za a kwana, wataƙila ma farashi ya sauka. To masana, idan aka sayar da Intel, kwamfutocin da ke ɗauke da furosesansa za su zama marayu ne? Shin AMD ko Nvidia za su iya haɗiye shi? Kuma jira yana da amfani? Kuɗin jama'a ne, ba mu son a yi da-na-sani.

Injiniyan Ringim

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Maganar dattijon tana da tushe, sai dai an haɗa labarai daban-daban ne aka dama su wuri guda.

Harkar furosesa sana'a uku ce. Akwai mai mallakar yaren da furosesa ke ji, wato tsarin umarnin da ake rubuta manhaja da shi. Akwai mai zana furosesan. Akwai kuma mai masana'antar da ke ƙera shi a kan faifan silikon. Intel ya haɗa duka ukun. AMD ya rabu da masana'antunsa tun 2009, suka zama kamfanin GlobalFoundries, yanzu yawancin kayansa TSMC na Taiwan ke ƙera masa. Nvidia da Qualcomm da Apple da MediaTek duk zane kawai suke yi, su kai a ƙera musu. Shi kuwa Arm na Cambridge a Ingila, sana'arsa ta asali ita ce ba da hayar yare da zane, ya karɓi lada a kan kowane furosesa da aka sayar. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu, furosesan MediaTek ko Unisoc ne a cikin mafi yawansu, kuma duk yaren Arm suke ji. Kwamfutocin da za ku saya kuwa yaren x86 suke ji, wanda ya samo asali daga furosesan Intel 8086 na 1978.

Ciwon Intel a masana'anta ya fara. Ya shiga fasahar nanomita 14 a 2014 (ƙanƙantar lambar ita ce alamar ci gaban ƙira), ya maƙale a nan shekara da shekaru yana fama da ta nanomita 10, TSMC kuwa ya wuce. A 2019 AMD ya fito da Ryzen 3000 da TSMC ya ƙera a nanomita 7. A 2020 Apple ya fara barin Intel ya koma nasa furosesan M1. Da kuɗin ƙirƙirarriyar basira ya ɓarke, wajen Nvidia ya kwarara. A 2024 Intel ya yi asarar kusan dala biliyan 19, shugabansa Pat Gelsinger ya sauka a Disambar shekarar, Lip-Bu Tan ya hau a Maris 2025.

Abin da aka sayar a zahiri hannun jari ne. A Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 a kan dala biliyan 8.9, kuma yawancin kuɗin tallafi ne da dama an yi wa kamfanin alkawarinsa, aka juya shi ya zama jari. SoftBank na Japan ya zuba biliyan 2 a watan, Nvidia ya sanar da biliyan 5 a Satumba. Shi ma Intel ya sayar da kashi 51 na Altera, wanda ya saya a 2015 kan dala biliyan 16.7. Zancen Qualcomm kuwa, a Satumbar 2024 jaridu suka ruwaito ya tuntuɓi Intel, amma ba a kai ga ciniki ba.

Sayen Intel ɗungurungum yana da katanga uku, kuma kowacce doguwa ce.

Ta farko hukumomin hana babakere a kasuwa. Ciniki irin wannan sai Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da Sin duk sun sa hannu, domin kamfanonin suna sayar da kaya a can. Guda ɗaya ta ƙi, ko ma ta yi shiru har wa'adi ya cika, magana ta mutu. Qualcomm ya nemi sayen NXP a kan dala biliyan 44, Sin ta ƙi cewa uffan, a Yulin 2018 ya haƙura ya biya tarar biliyan 2. A Maris ɗin 2018 Shugaba Trump ya hana Broadcom sayen Qualcomm kansa, cinikin da ya kai biliyan 117, saboda dalilin tsaro. Nvidia ya yi yarjejeniyar sayen Arm a Satumbar 2020 kan biliyan 40, hukumar ciniki ta Amurka ta kai ƙara, abokan hamayyar Nvidia da ke hayar zanen Arm suka tayar da jijiyar wuya, a Fabrairun 2022 ta leƙo ta koma, SoftBank, mai mallakar Arm, ya riƙe biliyan 1.25 da aka ba shi kafin alƙalami. Intel ma ya ɗanɗana: ya so sayen Tower na Isra'ila a biliyan 5.4, Sin ba ta amince ba, a Agustan 2023 ya janye ya biya dala miliyan 353. Daga nan za ka ga AMD ba shi da hanyar sayen Intel. Su biyun ne kusan dukkan kasuwar x86, babu hukumar da za ta yarda su koma ɗaya.

Katanga ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa a labarai ba. Intel ne ya ƙirƙiri x86, amma faɗaɗa shi zuwa bit 64, wanda kusan duk kwamfutocin Windows na yau ke tafiya a kai, AMD ne ya kawo shi a 2003, Intel ya biyo baya. Don haka kowa yana riƙe da igiyar ɗan'uwansa. Suna da yarjejeniyar musayar lasisi da suka sabunta a 2009, lokacin da Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25 aka kashe shari'o'in da ke tsakaninsu. A cikinta akwai sharaɗin cewa idan wani ya saye ɗaya daga cikinsu, yarjejeniyar ta warware. Ke nan duk mai son sayen Intel sai ya zauna da AMD, duk mai son AMD sai ya zauna da Intel.

Ta uku masana'antun ne. Sabuwar masana'anta guda tana cin dala biliyan goma zuwa ashirin ko fiye, injin da ke zana da'irori mafi ƙanƙanta kuma kamfani ɗaya ne a duniya ke yin sa, ASML na Holan. Mai son ɓangaren zanen Intel ba ya son ɗaukar wannan kaya, gwamnatin Amurka kuma ba za ta bar masana'antun su faɗa hannun baƙi ba. Shi ya sa abin da ya fi kama hankali shi ne a ci gaba da yanka ɓangarori ana sayarwa, ko a raba zane da ƙira.

Game da maraici: furosesa ba ya neman izinin kamfani kafin ya tashi da safe. IBM ya sayar wa Lenovo ɓangaren kwamfutocinsa a 2005, ThinkPad yana nan har gobe. AMD ya sayi ATI a 2006, sunan Radeon bai ɓace ba. Waɗanda suka mutu bayan ciniki su ne masu ƙaramar kasuwa, irin Alpha na kamfanin DEC bayan Compaq ya saye shi a 1998. Duk wanda ya sayi Intel saboda x86 zai saya, ba zai yanka saniyar da yake tatsa ba.

Mai Gyara, Bichi

Injiniya ya gama da manya. Malam Sakatare, ni inda nake jiye muku ba a nan yake ba. Abin da zai mayar da kwamfutarku marainiya ya riga ya faru, kuma Microsoft ne ya yi shi: ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuma yana son furosesan Intel zubi (wato jerin fitowa) na 8 zuwa sama, da guntun tsaro TPM 2.0. A ɓangaren AMD ku fara daga Ryzen 3000 a laftof, domin irin su Ryzen 5 2500U ba sa cikin jerin da aka amince da su. Ofisoshin Turai da Amurka sun zubar da zubi na 6 da na 7 da yawa, su ne suka cika shaguna da araha. Ana iya tura musu Windows 11 ta bayan gida, amma babu tabbacin sabuntawa, kuma ɗakin da yara ashirin za su riƙa cusa filas ba wurin barin ƙofa a buɗe ba ne.

Kada a ce muku "Core i7 ce" ku saki jiki. Lambar da ke bayan ɗan layin ita ce magana. A i5-8350U, 8 ɗin farko shi ne zubi. Daga zubi na 10 lamba biyu ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Harafin ƙarshe kuma yana nuna cin wuta: U na laftof wat 15 ne, H wat 45, T na ƙaramar kwamfutar tebur wat 35. Ku kwatanta i7-7600U da i5-8250U. Ta farkon ƙwayar aiki biyu gare ta, ta biyun huɗu. Wato i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi, kuma ita Windows 11 ya yarda da ita, amma sau da yawa za a tsuga wa i7 kuɗi saboda suna.

Kuma ku sani furosesan laftof a narke yake jikin madabod, wato babban faifan da dukkan kayan ciki ke haɗe a kai. Tun bayan zubi na 4 aka daina yin mai soket a laftof ɗin yau da kullum. Abin da kuka saya shi za ku zauna da shi, RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) da SSD (ma'ajiyar fayiloli) kaɗai ake ƙarawa.

Waɗanda nake ganin sun dace: ThinkPad T480, ko HP EliteBook 840 G5, ko Dell Latitude 5490, masu i5 zubi na 8. Dukkansu ramin RAM biyu ne, DDR4, kuma kayan gyaransu suna samuwa a Kano. RAM gigabayit 8, SSD 256. Ku guji sababbin nan masu ƙyalli da Celeron N4020, RAM 4 a narke da ma'ajiyar eMMC 64. Ba a ƙara musu komai, kuma sabuntawar Windows kaɗai tana cika musu ciki.

Ku sayi iri ɗaya duka ashirin. Idan ɗaya ta mutu, allonta da madannanta da batirinta za su ceci sauran, caja ɗaya za ta shiga kowacce, kuma a kan guda za a shirya manhajoji a kwafe wa saura. Cajar HP mai shuɗin baki ba ta shiga Dell ɗin nan, T480 kuma USB-C take sha.

Ba a cinikin biri a sama. Ku je da mai gyara, a kunna kowacce ɗaya bayan ɗaya. A shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga kafin Windows ya tashi, a karanta sunan furosesa a can, domin takardar da ke manne ana canja ta, sunan da Windows ke nunawa ma ana iya taɓa shi. A tabbata BIOS ba shi da kalmar sirri, saboda a waɗannan na'urori cire ƙaramin batir ba ya goge ta. A buga tpm.msc a ga 2.0. A buga powercfg /batteryreport a kwatanta abin da batir ke ɗauka yanzu da na asali, in ya gaza kashi 70 cikin 100 a rage kuɗin batir daga farashi. A duba lafiyar SSD da manhajar CrystalDiskInfo. A haɗa ta da intanet lokacin da ake sa sabon Windows, domin wasu suna nan a rajistar kamfanin da ya yi amfani da su a waje, da zarar sun ga intanet sai su nemi sunan ma'aikaci su kulle. Daga ƙarshe a ɗora mata aiki mai nauyi na minti 15 ana kallon zafi a manhajar HWiNFO. Wadda ta haura digiri 95 ta tsaya a can, saurinta kuma ya faɗi, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ko ƙura ta toshe fanka. Gyaran ba tsada, amma a yi shi kafin a biya.

Wannan zafin shi ne babban abokin gabarku. A Afrilu da Mayu ɗaki mai rufin kwano ba silin yana wuce digiri 40, furosesa kuma yana rage gudu da kansa in ya kusa 100. Ku sa silin, ku sa fanka, kada a ɗora laftof a kan darduma ko tabarma domin ta ƙasa take shaƙar iska. Bayan hunturu a buɗe kowacce a hure ƙura, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kada ta yi gudun da zai lalata ta. Man kuwa, ɗigo kamar ƙwayar gero biyu ya isa, kowace shekara biyu.

Malamar Kimiyya, Kazaure

Ina tare da Mai Gyara a kan zaɓi, amma ban so a bar Malam Sakatare da tunanin cewa rigimar manyan kamfanoni ba ta shafe mu ba. Wannan i5 mai ƙwaya huɗu da aka ba ku shawara, gasa ce ta haife ta. Shekaru da dama Intel yana cin karensa babu babbaka, i7 na kwamfutar tebur ta talaka ƙwaya huɗu ce, laftof mai U kuma biyu, kowace shekara a ƙara ɗan sauri kaɗan. A Maris 2017 AMD, ƙarƙashin Lisa Su, ya fito da Ryzen 7 1700 mai ƙwaya takwas a dala 329, alhali mai takwas na Intel a lokacin ya haura dala dubu. Kafin shekarar ta ƙare zubi na 8 ya fito, laftof ta koma huɗu, tebur ya koma shida. Abin da ya faru a kasuwar Amurka a 2017 shi ne yake isowa shagunan Kano a matsayin tokumbo bayan shekara biyar zuwa takwas. Don haka idan yau Intel ya durƙushe AMD ya rage shi kaɗai, ba bana za mu ji a jikinmu ba, sai yaran da ke aji ɗaya yanzu sun zo sayen tasu. Abin da za mu yi fata shi ne su biyun su rayu suna ja da juna.

Injiniya, a kan cewa mai saye ba zai cutar da abin da ya saya ba, akwai abin lura. Broadcom ya kammala sayen VMware a 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na haya, masu amfani da shi suka koka da tsada. Manhaja ce ba furosesa ba, amma tana nuna cewa sabon mai gida yana iya riƙe kayan ya canja sharuɗɗa. A furosesa wurin da za a ji shi ne gyare-gyaren tsaro. Da aka gano ɓarakar Spectre da Meltdown a Janairun 2018, sai da Intel ya fitar da gyara ta hanyar BIOS da Windows. Mai gidan da ke neman rage kashe kuɗi zai iya gajarta shekarun irin wannan hidima ga tsofaffin zubi. Wani dalili ke nan na kada a sayi wanda ya tsufa da yawa.

Sai gargaɗi kan kwamfutocin Windows masu furosesan Arm, irin Snapdragon X da Qualcomm ya fitar a 2024 bayan ya sayi kamfanin Nuvia a 2021 kan dala biliyan 1.4. Batirinsu yana daɗewa, za su burge mai sola. Windows yana fassara musu yawancin manhajojin x86 su yi aiki, amma ba ya fassara direbobi, wato manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urorin da aka jona mata. Tsohuwar firinta, sikana, na'urar ɗaukar zanen yatsa, duk sai in mai su ya rubuta direba na Arm musamman. Ɗakin da wata rana zai iya yin rajistar ɗalibai da zanen yatsa ya tsaya a kan x86, Intel ko AMD duk ɗaya.

Ga lissafin wuta, domin a nan zaɓin furosesa zai taɓa aljihunku fiye da ko'ina. Wat 15 da aka rubuta wa furosesa ma'aunin zafinsa ne, ba abin da dukkan na'urar ke ja ba, haka ma wat 65 na jikin caja iyakarta ce. Laftof irin waɗannan a aikin bugu da atisaye ku ƙaddara mata kimanin wat 30 har da cajin batir. Ashirin sun zama wat 600, a awa shida kilowat-awa 3.6. Ku ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na asarar inbata da waya, ya zama 4.5. In aka ɗauki awa biyar na rana mai ƙarfi, fanel na wat 900 ke nan a takarda. Da ƙura da zafi da fankoki, ku sa huɗu masu wat 400. Tsofaffin kwamfutocin tebur masu babban akwati kuwa, da allonsu, ku ƙaddara wat 100 kowacce: wat 2,000, kilowat-awa 12 a rana, ninki uku da ɗoriya. Arahar da aka samu wajen sayensu a fanel da batir za a biya ta. Tsakiyar su ne ƙananan nan masu kamar littafi, OptiPlex Micro ko EliteDesk Mini ko ThinkCentre Tiny, masu i5-8500T mai ƙwaya shida. Da allo kimanin wat 45. Amfaninsu shi ne in yaro ya lalata madannai, na waje ne, a canja da kuɗi kaɗan. Illarsu ba su da batir, inbata ta ɗauke duk aikin da ba a adana ba ya tafi.

Firinta mai hoda tana fizgar wuta sosai lokacin da take dumama, har ta ninka abin da take ja a tsakiyar bugu. Kada a sayi inbata daidai wuya. Mai kVA 2.5 zuwa 3, mai tsabtataccen zubin wuta, ita ce daidai da laftof ashirin da firinta da fankoki. Batirin ruwa mai bolt 12, amfiya-awa 200, a takarda wat-awa 2,400 ne, amma rabi ake sha in ana son ya yi shekaru. Tunda da rana za ku yi aiki kuma laftof na da nata batir, guda biyu a haɗe su ba da bolt 24 za su riƙe ku lokacin hadari.

Sakataren Kwamiti, Babura

Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ilimi. Na fahimci mu tsaya a x86, zubi na 8 zuwa sama, iri ɗaya. Saura biyu: in muka samu AMD a farashi ɗaya, wanne za mu ɗauka? Sannan zancen jira, ko akwai alamar farashi zai sauka?

Mai Gyara, Bichi

In Ryzen 5 PRO 3500U ce da i5 zubi na 8, kusan kunnen doki ne. AMD ta fi a hoto, Intel ta fi ɗan riƙe batir in ana zaune ba aiki mai nauyi. Ku ɗauki wadda za ku samu guda ashirin iri ɗaya masu lafiya, wadda kuma madabod ɗinta ke samuwa a kusa, a nan kuwa Intel ta fi yawa a tokumbo. Amma in kuka ci karo da Ryzen 5 PRO 4650U, irin ta cikin ThinkPad T14 ko EliteBook 845 G7, kuɗin kuma bai yi nisa ba, ku ɗauke ta. Ƙwaya shida ce, ƙirar nanomita 7, ta fi zubi na 8 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ta zafi kamar su.

In wani a kwamiti ya kawo shawarar haɗa kwamfutar tebur guda ɗaya mai ƙarfi ta malami, a kula da soket. Intel yana canja shi kusan kowane zubi biyu ko uku: LGA1200 na zubi na 10 da 11 ne, LGA1700 na 12 zuwa 14. AMD ya riƙe AM4 daga Ryzen 1000 har 5000, sai dai tsohon madabod yana buƙatar sabunta BIOS kafin ya gane sabon furosesa, kuma a yi sabuntawar a kan inbata, domin wuta ta ɗauke a tsakiya madabod ɗin ya mutu. Manyan i7 da i9 na tebur zubi na 13 da 14 kuma kada a saye su na hannu. A 2024 Intel ya amsa cewa yawan bolt yana lalata wasunsu a hankali, ya fitar da gyara ya ƙara garanti shekara biyu, amma gyaran ba ya dawo da wanda ya riga ya taɓu.

Injiniyan Ringim

Na karɓi gyaran Malama, gaskiya ne sabon mai gida yana iya canja sharuɗɗa ko da bai kashe kayan ba.

Jira kuwa ban ga ribarsa ba, Malam Sakatare. Ko da gobe aka sanar da ciniki, irin wannan yana ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu kafin hukumomi su gama. AMD ya sanar da sayen Xilinx a Oktoban 2020, bai kammala ba sai Fabrairun 2022, kuma wannan ma wanda ya yi nasara ne. Sannan haɗewar kamfanoni rage masu gasa take yi, ba a san ta da sauke farashi ba. Kwamfutocin da za ku saya an ƙera su tun 2018 ko 2019, Intel ya daɗe da karɓar kuɗinsa a kansu. Farashinsu a Kano yana bin canjin dala ne, da kuɗin jigila da na kwastan, da yawan da ofisoshin waje suka saki. Kun ga yadda kaya suka tashi bayan an saki naira a Yunin 2023, babu hannun Intel ko AMD a ciki.

In akwai abin da za a sa wa ido, RAM ne. Kamfani uku ke riƙe da kusan dukkan kasuwarsa, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma sun karkata masana'antunsu ga irin ma'ajiyar da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke saye da tsada, suna janyewa daga DDR4. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi sosai saboda haka. To kada ku sayi masu gigabayit 4 da niyyar ƙarawa daga baya. Ku sa a cika 8 tun a shago, a rubuta shi a rasit tare da lambar kowace na'ura da kwanakin garanti. In kuɗi ya ragu, ku ƙara laftof biyu na ajiya da caja uku da sandar RAM biyu, a kulle a kabad ɗin shugaban makaranta.